Wace Burauza Ce Ta Rage Wa Tsohuwar Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago na buga takardu da cike wa mutane fom a intanet. Akwai kwamfutar tebur ta hannu da na saya, tana da Windows 7, firosesa Core 2 Duo da ram 2 GB, akwai kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows XP da yaron shago ke amfani da ita. A kan ta farko Chrome ta daina sabuntuwa, wasu shafukan kuma suna buɗewa fari fat babu komai a kai. A kan ta biyu kusan duk shafin da na nema sai a ce haɗin ba shi da tsaro. Ba ni da halin sayen sabuwa yanzu. Wace burauza ce za ta yi mini aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da za ka iya yi yau, sannan in koma kan dalilai, domin sanin dalilan ne zai hana ka sake biyan kuɗin gyara a kan abin da ba gyara yake buƙata ba. A kan kwamfutar tebur mai Windows 7 ka ɗora Firefox 115 ESR, ka mayar da ita burauzarka ta kullum. A kan mai XP, Supermium ko Mypal 68 ne za su buɗe maka mafi yawan shafukan zamani, amma kada ka yarda a shiga asusun banki ko a biya wa kowa kuɗi a kanta. Abu na uku, wanda a wurina shi ne mafi muhimmanci, kwamfutar tebur ɗin nan tana da sauran ƙarfi fiye da yadda kake zato, kuma babbar manhajar da ke kanta ce ta riga ƙarfen tsufa.

Kafin ka sauke komai, duba kwanan wata da agogon da ke ƙasan allo ta hannun dama, musamman a kan mai XP. A jikin babban allon da ke cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir zagayayye mai kama da sulalla, an rubuta CR2032 a bayansa, aikinsa shi ne riƙe agogo idan an kashe kwamfuta. Yakan yi shekaru yana aiki, amma kwamfutar da ta kai shekarun taka sau da yawa nata ya daɗe da mutuwa, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan watan ya koma shekarar da aka ƙera ta. Kowane shafi mai tsaro yana gabatar wa burauza takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, ita kuma burauzar tana gwada ranakun da agogon kwamfutarka. Idan agogon ya ce ana cikin 2007, to a idon burauza duk takardun shaidar duniya ba su fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi su baki ɗaya. Na sha karɓar kwamfuta a hannun mai ita yana rantsuwa cewa bairos ne ya shige ta, wani ma har an goge masa komai an sake ɗora Windows sau biyu, alhali da na ɗaga murfin na tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da batirin da farce, na saka sabo, na gyara ranar a BIOS, wato saitunan da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, shafuka suka ci gaba da buɗewa. A ƙananan kwamfutoci batirin wani lokaci yana naɗe cikin leda da 'yar waya mai baki biyu, amma abu ɗaya ne.

Idan agogo daidai yake kuma gargaɗin bai daina ba, to an zo kan ainihin matsalar XP. Takardar shaidar da shafi ke gabatarwa wata hukuma ce take sa mata hannu, kuma kwamfutarka tana da jerin hukumomin da ta amince da sa hannunsu. Jerin da ke cikin XP ya tsaya inda Microsoft ta bar shi, domin ta daina kula da XP tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. Misali mafi shahara shi ne na Let's Encrypt, ƙungiyar da ke bayar da takardun shaida kyauta wadda ɗimbin shafuka suka dogara da ita. Da ta fara aiki, tsofaffin kwamfutoci sun amince da ita ne saboda wata tsohuwar takarda mai suna DST Root CA X3 ta tsaya mata. Wannan takarda ta ƙare ranar 30 ga Satumba, 2021, kuma duk na'urar da ba ta san sabuwar takardar ƙungiyar ba, wato ISRG Root X1, ta wayi gari tana ƙin shafukan da jiya take buɗewa lafiya lau. A nan ne bambancin burauzoci ya fito fili. Tsohuwar Chrome da Internet Explorer suna tambayar Windows ne ko a amince da takarda, ita kuwa Firefox da jerinta take yawo, kuma tun zubi na 50 ta san ISRG Root X1. Shi ya sa a kan kwamfuta ɗaya za ka ga Firefox ta buɗe shafin da Chrome ta ƙi.

Akwai kuma yaren sirri da burauza da shafi suke magana da shi don kada wani a tsakani ya karanta abin da ake aikawa, sunansa TLS. Zubinsa na 1.0 ya fito a 1999, na 1.2 a 2008, na 1.3 a 2018, kuma a 2020 manyan burauzoci suka yi watsi da 1.0 da 1.1, shafuka da yawa suka bi sahu. Internet Explorer 8, wadda ita ce ta ƙarshe da ke hawa kan XP, ba ta wuce 1.0 ba yadda ta zo, saboda haka ita kam ka cire ta daga lissafi.

Farin shafin da kake gani a kan Windows 7 wata cuta ce daban. Shafukan yanzu, musamman na cike fom da biyan kuɗi, ba rubutu ne kawai ake aiko maka ba, ƙananan manhajoji ne da aka rubuta da JavaScript, burauzarka ce take gudanar da su har su zana maka akwatunan da za ka cike. Shi kuma wannan yare kowace shekara ana ƙara masa sababbin ƙa'idoji. Alal misali, akwai wata gajeruwar alama, ayar tambaya da ɗigo a manne, da masu rubuta shafuka suke yawan amfani da ita yanzu, wadda sai a 2020 Chrome ta fara fahimtarta a zubi na 80, Firefox kuma a zubi na 74. Burauzar da ta girmi waɗannan idan ta ci karo da alamar ba ta tsallake ta, takan yi watsi da duk fayil ɗin, sai ka ga allo fari kamar ba a aiko da komai ba. Ba ka faɗi zubin Chrome ɗinka ba, kuma yana da kyau ka duba, domin na ga kwamfutocin hannu da yawa da aka ɗora musu Chrome daga filashin mai gyara ta tsaya a zubi na saba'in da wani abu ba ta taɓa motsawa ba. Iyakar abin da Windows 7 za ta iya ɗauka shi ne Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, watan da Microsoft ta rufe ragowar tallafin Windows 7 da 8.1. Edge ma a 109 ta tsaya. Har yanzu 109 tana buɗe shafuka da dama, amma kullum waɗanda take kasa buɗewa ƙaruwa suke, kuma kafofin da masu kutse suka gano a cikinta daga baya ba a toshe mata su.

Dalilin da ya sa na zaɓa maka Firefox 115 ESR ke nan. Haruffan ESR suna nufin zubin da ake daɗewa ana yi wa facin tsaro ba tare da an canza masa fasali ba, irin wanda makarantu da ma'aikatu suke so. Zubi na 115 ya fito a Yulin 2023, kuma shi ne na ƙarshe da Mozilla, mai yin Firefox, ta yi wa Windows 7, 8 da 8.1. Da farko an tsara rufe shi a 2024, amma ganin yawan mutanen da ke kan Windows 7 sai Mozilla ta yi ta ƙara masa wa'adi har aka shigo 2026. Wannan ya sa ta ba Chrome 109 tazarar shekaru a fannin faci, kuma daga kamfani sananne take fitowa. Ka lura da lambobin da ke bayan 115 ɗin. Ranar 14 ga Maris, 2025, wata takardar shaida ta cikin gida da Firefox ke tantance ƙarin manhajojinta da ita ta ƙare, don haka duk wadda ta gaza 115.13 za ka tarar ƙarin manhajojin da aka liƙa mata sun mutu. Ka ɗauki mafi girman lamba da ka samu, ka kuma bar ta tana sabunta kanta. Ka kuma riƙa sa ido, domin wa'adi ne ake ƙarawa, kuma ranar da aka daina, ita ma za ta fara bin hanyar da Chrome 109 ta bi.

Za ka iya haɗuwa da shafin da ya dage sai burauza mai injin Chrome, kuma a aikin cike fom wannan yana faruwa, saboda masu gina shafukan sau da yawa a kan Chrome kaɗai suke gwadawa. Don irin wannan rana ka ajiye Supermium a gefe. Asalinta Chromium ce, wato buɗaɗɗen tushen da aka gina Chrome da Edge a kai, sai aka mayar mata da sassan da Google ta cire waɗanda suke ba ta damar hawa kan tsofaffin Windows, tun daga XP har 8.1. Idan ka buɗe ta kusan ba za ka bambanta ta da Chrome ba, kuma injinta ya fi na 109 sabunta nesa ba kusa ba. Akwai ire-irenta. Thorium tana da zubi na Windows 7, r3dfox kuma sabuwar Firefox ce da aka daidaita don Windows 7. Pale Moon da SeaMonkey su ma suna hawa kan Windows 7 kuma ba su da nauyi, sai dai injinsu ya rabu da na Firefox tun da daɗewa, don haka sun fi dacewa da karatu fiye da cike fom mai sarƙaƙiya.

Yanzu ga mai XP. A hukumance Chrome ta tsaya a zubi na 49 a 2016, Opera a 36, Firefox kuma a 52.9 ESR a 2018. A cikin ukun Firefox 52.9 ce mai dama-dama, saboda tana jin TLS 1.2 kuma tana da jerin takardunta, za ta buɗe maka Wikipedia da shafukan labarai marasa nauyi, amma da ta shiga shafin zamani sai farin allo. Abin da ya rage shi ne aikin masu sa-kai. Mypal 68 an gina ta ne a kan Firefox 68 aka mayar da ita XP, aka kuma yi ta cusa mata sababbin ƙa'idojin JavaScript. New Moon da Serpent rassa ne na Pale Moon da Basilisk da ake haɗawa don XP. Supermium ta fi su duka buɗe shafuka, ta kuma fi su cin ram. Saboda haka zaɓin ya dogara da abin da ke cikin kwamfutar. Danna dama a kan My Computer ka shiga Properties, za ka ga sunan firosesa da yawan ram, da kuma ko XP ɗin tana da Service Pack 3, wanda in babu shi yawancin waɗannan ba za su tashi ba. Idan ram ya kai 2 GB, gwada Supermium. Idan 1 GB ne, Mypal ta fi dacewa. Idan 512 MB ne ko ƙasa, New Moon ko wata burauza mara nauyi mai suna K-Meleon, shafi ɗaya a lokaci ɗaya, tare da haƙuri.

Sunan firosesan ma yana da magana. Akwai wani rukunin umarni da ake kira SSE2 wanda Intel ta shigo da shi tare da Pentium 4, kuma Pentium III da Athlon XP ba su da shi. Firefox ta fara wajabta shi daga zubi na 49 a kan Windows, Chrome kuma daga zubi na 89 ta ƙara matsawa zuwa SSE3. Idan ka danna burauza ta ƙi tashi ko ta mutu nan take ba tare da bayani ba a kan kwamfutar da ta haura shekara ashirin, yawanci wannan ne, kuma sai ka nemi zubin da aka rubuta masa cewa na firosesa marar SSE2 ne. Core 2 Duo ɗinka ba shi da wannan damuwa.

Dole in tsaya a kan batun tsaro, domin masu tallata waɗannan burauzoci a bidiyoyin intanet sukan wuce shi da gudu. Chrome da Firefox suna da ma'aikata masu yawa da aikinsu kawai toshe kafa, kuma idan aka gano wata mummuna sukan fitar da faci cikin kwanaki. Supermium da Mypal da 'yan uwansu kuwa mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan suke riƙe da su a lokacin hutunsu. Sun cancanci yabo, amma facinsu yana zuwa a makare, kuma idan mai aikin ya gaji ko rayuwa ta ɗauke masa hankali, babu wanda za ka tambaya. Don ka gane girman abin, a Satumbar 2023 an gano wata kafa a sashen da ke buɗe hotuna nau'in WebP, wadda ta shafi Chrome da Firefox da sauran manhajoji da yawa, ta yadda hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi zai iya zama ƙofar shiga kwamfuta, mai ita bai sauke komai ba, shafi kawai ya buɗe. Firefox 115 ESR ta samu facin cikin gaggawa. Chrome 49 da ke kan XP ba ta samu ba, ba kuma za ta samu ba. Sannan ko burauzar ta zama sabuwa fil, a kan tsohuwar babbar manhaja take zaune. WannaCry da ta addabi duniya a Mayun 2017 ba ta burauza ta shiga ba, ta hanyar musayar fayiloli ta Windows ta bi, kuma mafi yawan kwamfutocin da ta kama masu Windows 7 ne da ba a yi wa faci ba. Kai kuma ba bayananka kaɗai ke wucewa ta shagon nan ba. Mutane suna kawo maka lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN, da katin banki, amana ce suka ba ka, kuma wannan ne ya sa na ce mai XP ta tsaya a buga rubutu da binciken da babu kalmar sirri a cikinsa.

Wajen saukewa ma akwai tarko. Duk wanda ya rubuta sunan tsohuwar burauza a injin bincike zai ga shafuka birjik masu manyan maɓallai kore suna cewa danna nan, kuma da yawansu sun cusa wa fayil ɗin manhajar talla ko abin da ya fi ta muni. Firefox daga shafin Mozilla kawai za ka ɗauka, kuma Mozilla tana da rumbun da ta ajiye kowane zubi da ta taɓa fitarwa, a jere da lambobinsu, sai ka shiga na 115 mai esr a ƙarshe, ka zaɓi win32 ko win64 gwargwadon Windows ɗinka. Supermium da Mypal kuma daga shafukansu na GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a sashen da ake jera abin da aka fitar. Matsalar da kowa ke cin karo da ita ita ce burauzar da ke kan tsohuwar kwamfutar ba za ta iya buɗe shafin saukewar ba. Mafita ita ce ka sauke da wayarka ko da kwamfutar wani, ka kwafe a filashi. Ka tabbata cikakken fayil ka ɗauka, mai nauyin megabait hamsin zuwa sama, ba ɗan ƙaramin nan da sai ya sake shiga intanet kafin ya ɗora ba, domin shi zai maƙale a hanya. A kan Windows 7 ka tabbata akwai Service Pack 1, ka kuma ɗora facin KB4474419, wanda ke koya mata gane sabon salon sa hannu na SHA-2, saboda akwai manhajoji da direbobi, wato manhajojin da ke sa na'ura irin firinta ta yi aiki da kwamfuta, da yawa da ba sa hawa sai da shi.

Bayan ka ɗora, ram 2 GB zai nuna maka iyakarsa, amma akwai dabarun rage wa jaki kaya. Abu na farko da nake liƙa wa kowace Firefox a tsohuwar kwamfuta shi ne uBlock Origin. Mutane suna ɗaukarsa maganin talla ne kawai, alhali a shafukan labarai da yawa tallace-tallace da manhajojin bibiya sun fi labarin kansa nauyi, don haka toshe su yana sauƙaƙa wa firosesa, yana kuma rage maka cin data. Idan ana kallon YouTube, akwai h264ify, wanda ke tilasta a aiko bidiyo a salon H.264 maimakon VP9 ko AV1 da suke wahalar da tsofaffin na'urori, kuma ka sauke ingancin hoton zuwa 360 ko 480. Kada a bar shafuka goma a buɗe. Don bincike, DuckDuckGo tana da zubi mara nauyi da ko tsohuwar burauza tana buɗewa. A da nakan tura mutane zuwa sassauƙan zubin Gmail, amma Google ta rufe shi a farkon 2024, saboda haka a kan raunanniyar kwamfuta gara a karanta wasiƙu da manhajar imel irin Thunderbird, ko a bar wa waya wannan aiki.

Duk abin da na faɗa zuwa nan lallaɓawa ce. Gyaran da zai daɗe shi ne canza babbar manhajar kwamfutar tebur, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, domin Core 2 Duo, wanda Intel ta fara fitarwa a 2006, firosesa ne mai bit 64, ko da Windows 7 ɗin da ke kansa mai bit 32 ce. Ma'ana zai ɗauki Linux ta yau, wato babbar manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, ita kuma Linux ta yau tana ɗaukar sabuwar Firefox da sabuwar Chrome, irin waɗanda ke kan kwamfutar da aka saya jiya, da facinsu na kowane wata. Linux Mint mai fuskar Xfce ta fi sauƙin sabo ga wanda ya taso da Windows, tana da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da duk abin da ido ya saba gani. Lubuntu da MX Linux su ma sun dace, antiX kuma ta fi su rashin nauyi idan ram ya yi ƙaranci. Kyauta ne duka, kuma ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada. Za ka sauke fayil ɗin, ka rubuta shi a filashi mai 8 GB da manhajar Rufus, wadda zubinta na 3.22 ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7, sannan ka tayar da kwamfutar daga filashin. Za ta buɗe cikakkiyar Linux ba tare da ta taɓa abin da ke kan faifanka ba, in ka zare filashin ka sake kunnawa sai Windows 7 ta dawo yadda ka bar ta. ChromeOS Flex da Google ta fitar a 2022 ita ma don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci aka yi ta, amma tana neman ram 4 GB kuma kusan komai nata a intanet yake, abin da bai dace da shagon da ke buga takardu ko babu data ba.

Ba zan ɓoye maka inda gizo ke saƙar ba, tunda na san irin aikin shago kamar naka. CorelDraw ba ta da zubin Linux, kuma in da ita kake zana katin biki da kalanda, babu abin da zai maye maka gurbinta cikin mako guda. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word kuma tana ajiyewa a salonsu, amma takardar da ke da teburori da yawa wani lokaci layukanta sukan goce, kuma ɗalibin da ya kawo kundin bincikensa ba zai yi maka uzuri ba. Manhajojin ɗaukar hoton yatsa da ake bayarwa don rajista yawanci na Windows ne. Firinta kuwa, na HP galibi suna aiki da Linux ba wahala, wasu kamfanonin sai an nemo direba. Saboda haka shawarata ba ka rabu da Windows 7 ba ce. Ka ɗora Linux a gefenta a kan kwamfuta ɗaya, ta yadda idan ka kunna za ta tambaye ka wacce za ka shiga. Aikin zane da bugu a Windows 7, wayar intanet a zare. Aikin fom da biyan kuɗi a Linux.

Idan aikin rajista ya tilasta maka zama kan Windows, to Windows 10 tana hawa kan Core 2 Duo. Microsoft ta rufe tallafinta na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma Chrome da Firefox da Edge suna ci gaba da fitar mata da sababbin zubi, kuma Microsoft ta ce za ta ci gaba da sabunta Edge a kanta aƙalla zuwa Oktoban 2028. Windows 11 kam kada ka wahalar da kanka, tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesan da ya fi naka ƙuruciya da shekaru goma, sabon zubinta ma yana buƙatar wani umarni da Core 2 Duo ba shi da shi sam. Da ram 2 GB Windows 10 za ta yi rarrafe, don haka ko wacce hanya ka bi, 'yan kuɗin da kake da su ka sa su a abu biyu. Na farko ƙarin ram zuwa 4 GB, kuma ka zare wanda ke ciki ka tafi da shi kasuwa, domin kwamfutocin wancan zamani yawancinsu DDR2 ne, wasu DDR3, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Ka tuna Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da 4 GB ɗin gaba ɗaya, takan tsaya a uku da 'yan kai, don haka mai bit 64 za ka ɗora. Na biyu faifan SSD mai 120 ko 128 GB a madadin tsohon faifai mai juyawa. A cikin duk abin da ake yi wa tsohuwar kwamfuta babu wanda mai ita yake ganin bambancinsa nan take kamar wannan, kuma yana ba ka damar ɗora sabuwar manhaja a kan sabon faifai ka bar tsohon da Windows 7 ɗinsa ba ka taɓa shi ba.

Ita kuwa mai XP, duba firosesanta kafin ka yanke mata hukunci. Idan ita ma Core 2 Duo ce, duk abin da na faɗa ya shafe ta. Idan Pentium M ce, ko Core Duo marar lamba 2, ko Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan, to mai bit 32 ce zalla, kuma a nan ƙofa tana rufewa ko a Linux. Google ta daina yi wa Linux mai bit 32 Chrome tun 2016, Linux Mint ta bar bit 32 daga zubi na 20, Debian 13, wani nau'in Linux da ya fito a 2025, ta daina fitar da cikakken zubinsa, Mozilla ma ta tsayar da shi a Firefox 144, sai ESR 140 da ta rage na ɗan lokaci. Har yanzu antiX mai bit 32 za ta fi XP tsaro a kanta, amma in aikinta bai wuce yaron shago ya buga wasiƙa ya kai firinta ba, ka bar mata XP ɗinta, ka canza mata batirin agogo, ka kashe mata wayales, a riƙa kai mata aiki da filashin da aka riga aka bincika a ɗaya kwamfutar.

Ranar da za ka gwada Linux daga filashi, ka zaɓi lokacin da shago ba cunkoso, ka jona firinta da sikana, ka buga shafi ɗaya na gwaji, ka ɗauki hoton takarda ɗaya, sannan ka buɗe shafuka uku ko huɗu da ka fi cike wa mutane fom a kansu ka bi su har wurin ɗora hoton fasfo. Daga filashi komai zai yi jinkiri fiye da yadda zai kasance bayan an ɗora, don haka kada saurin ya dame ka, abin da kake dubawa shi ne ko kowanne ya yi aiki. Idan firintar ta ƙi, ka rubuto mini sunanta da lambarta yadda suke a jikinta, tare da sunan firosesan mai XP ɗin.